An Sauya Inji, An Bar Geji Yana Ƙarya

Duk wanda ya daɗe yana riƙe da mota a ƙasar nan ya san akwai ranar da bakanike zai dube shi ya ce, "Alhaji, wannan injin ya gama aiki, gara a nemo na Beljiyam." Daga nan sai a shiga kasuwa, in a Kano ne a nufi Ƙofar Ruwa, in a Kaduna ne a leƙa Panteka, a Abuja a gangara Apo, wanda ke da ɗan'uwa a Legas kuwa ya sa a ɗauko masa daga Ladipo. A yi ciniki, a ɗora inji a bayan a-kori-kura, bayan kwana biyu ko uku a kira mai mota ya zo ya ji kukanta. Zai tsaya a gaban buɗaɗɗen bonet ya saurara, ya zagaya baya ya duba ko salansa na hayaƙi, ya taka totur sau biyu, ya yi hamdala ya biya kuɗin aiki. Tambaya ɗaya ce ba na jin ana yi a wannan tsayuwa, kuma ita ce dalilin wannan rubutu: shin allurar nan da ke nuna zafin inji a gaban direba har yanzu gaskiya take faɗa?

Ni a nawa ganin, kuma ina faɗin haka ne tare da girmama kanikawanmu, aikin sauya inji bai kammala ba sai an tabbatar gejin zafi yana nuna ainihin zafin sabon injin. Wanda ya karɓi kuɗin ɗora inji ya miƙa makulli alhali bai gwada geji ba, ya yi kashi tara ne cikin goma na aikin, kuma kashi ɗayan da ya bari shi ne mai gadin sauran taran.

Mai karatu na iya cewa, a cikin ɗimbin matsalolin da suka yi wa ƙasa katutu me ya kai shafin ra'ayi ga allurar dashbod? Amsar tana cikin aljihunmu. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki Naira ta nema wa kanta daraja a watan Yunin wannan shekarar, Dalar da a hukumance ake samu a kan Naira ɗari huɗu da 'yan kai sai da ta haura Naira 1,500 a cikin shekarar 2024, kuma duk abin da ke shigowa ta jirgin ruwa ya bi sawunta. Malamin jami'a da likita da ma'aikacin banki, waɗanda a da kan sauya mota in ta fara gajiya, yanzu inji suke sauyawa, wasu ma sai sun ci bashin ƙungiyar adashen ofis kafin su iya. Injin da aka saya da irin wannan wahala minti goma na zafin da ya wuce kima ya isa ya mayar da shi kayan gwangwan, kuma babu abin da ke tsaye tsakanin mai mota da waɗannan mintoci goma sai allurar nan.

A zamanin da kamfanin Peugeot ke harhaɗa motoci a Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, al'amarin bai kai haka sarƙaƙiya ba. Injin 504 ake cirewa a mayar da injin 504, kayan gida ɗaya ne, kuma kowane bakanike daga Sakkwato zuwa Yola ya san su kamar yunwar cikinsa. Yau kuwa abin da muke kira Beljiyam ya wuce ƙasar Beljiyam. Sunan ya samo asali ne daga cinikin tsofaffin motoci da ake tarawa a birnin Burasels, musamman unguwar Heyvaert, a loda su a tashar jiragen ruwa ta Antwerp zuwa Kwatano da Legas. Amma injunan da ke jibge a kasuwanninmu yanzu akwai na Japan, akwai na Amurka, akwai waɗanda suka biyo ta Dubai, duk kuma sunansu Beljiyam. Sau da yawa lambar inji ɗaya ce da ta tsohon, amma shekarar ƙira daban, kasuwar da aka ƙera shi dominta daban. Wani lokaci ma ba dangin juna ba ne sam, domin mai mota ya gaji da shan man babban inji ya ce a sa masa ƙarami, ko a cire mai injekta a mayar masa da mai kafireto.

To, ta yaya geji ke sanin zafin inji? A jikin inji, daidai inda ruwa ke fitowa daga kansa zai tafi lagireto, akwai wani ɗan ƙarfen tagulla da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, an murɗa shi ciki kamar noti, bakinsa na tsome cikin ruwan. Shi ne kanikawa ke kira sensa. Ba ta da wata dabara illa tare wa wutar lantarki hanya. Idan ruwa na da sanyi takan tare hanyar sosai, wuta kaɗan ke wucewa, yana ɗumama tana sassautawa. Wannan tarewa ita zan kira turjiya, ana kuma auna ta da ma'aunin da ake kira om. Shi geji bai taɓa ganin ruwa ba, bai san zafi ba, yawan wutar da sensa ta bari ta wuce kawai yake ji, sai ya ɗaga allura gwargwadon haka. Wato dai tun a masana'anta aka koya wa geji cewa turjiya kaza na nufin zafi kaza, kuma wannan darasi na sensar da aka haife su tare ne. Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwanni biyu ya san kwanon awon wannan ba lallai ya yi daidai da na waccan ba. In aka auna da kwanon wata kasuwa aka yi lissafi da farashin wata, dole wani ya cutu ko da babu wanda ya yi niyyar cuta.

Bari in kawo alƙaluma, domin masu karatun wannan shafi mutane ne da ba a gamsar da su da labari kawai. Kamfanin VDO na Jamus, wanda gejinsa ke cikin motocin Turai da manyan motoci masu yawa, yana da wani geji da ya fara daga digiri 40 ya ƙare a 120 a ma'aunin Salshiyos. Wannan geji yana sa ran jin kimanin om 287 a digiri 40, kimanin 70 a digiri 80, kimanin 38 a digiri 100, da kimanin 23 a digiri 120. Shi dai wannan kamfani yana da wata sensar da aka yi wa gejin da ke kaiwa digiri 150, wadda a ido ba za ka bambanta ta da ta farko ba. Ita tana ba da kimanin om 62 a digiri 100, da kimanin 36 a digiri 120. Idan aka haɗa ta biyun da gejin farko, lokacin da ruwa ke digiri 100 allura za ta tsaya wajen 84, direba na tafiya hankali kwance. Lokacin da ruwan ya kai 120, wato ya iso bakin tafasa duk da matsin da murfin lagireto ke riƙewa, allura za ta nuna 102 ko kusa da haka, abin da direba zai ce ai hawan tudu ne, yanzu za ta sauko. Ka ga kamfani ɗaya ke nan, kayan asali ba jabu ba, amma an ɓoye wa direba digiri goma sha shida zuwa sha takwas, kuma a daidai wurin da kowane digiri ke da tsada.

Wannan ma mai sauƙi ne. Injunan zamani suna da wata sensar ta daban wadda ba ta geji ba ce, ta ƙwaƙwalwar inji ce, wato akwatin kwamfutar nan da ke sarrafa mai da wuta. Irin ta kamfanin Bosch da ta fi yawa tana ba da kimanin om 2,500 a digiri 20, kimanin 320 a digiri 80, kimanin 190 a digiri 100. Duk mai wayarin da ya ɗauki wayar wancan geji na VDO ya jona ta a irin wannan sensa, don kawai ita ce ya gani a jikin sabon inji, to ruwa na digiri 100 allura na nuna hamsin, ruwa na 120 allura ba ta wuce 65 ba. Mai mota kuwa zai riƙa yabon sabon injinsa a majalisa, yana cewa tun da aka ɗora shi ko Legas za a je allura ba ta haura kwata. Kallon kitse ake yi wa rogo. Kuma na fi jin tsoron irin wannan geji a kan wanda ya mutu murus, domin direban da ya san gejinsa ba ya aiki yakan tsaya lokaci-lokaci ya duba ruwa, ya sa kunne, ya sa hanci. Wanda gejinsa ke motsi kaɗan yana kwantar masa da hankali ya riga ya sallama masa amanar injin gaba ɗaya.

A motocin Japan na shekarun 1990 galibi sensa biyun nan a rabe suke, ta geji mai waya ɗaya, ta ƙwaƙwalwa mai waya biyu. Kamfanin Volkswagen kuwa a wasu motocinsa irin su Golf da Sharan, wadda a tasha muke kira Sharon, ya haɗe su cikin gida ɗaya mai ƙafa huɗu, biyu na geji biyu na ƙwaƙwalwa. Ita ma ƙwaƙwalwar ana yi mata ƙarya kamar yadda ake yi wa geji. In aka ba ta sensar da ke sa ta ɗauka inji bai ɗumama ba, za ta yi ta tura mai fiye da kima, filogi su yi baƙi, kuma a motocin da ita ke kunna fanka ba za ta kunna a kan lokaci ba. In aka ba ta wadda ke sa ta ɗauka inji na da zafi kullum, da safiyar hunturu sai an tura mota kafin ta tashi. Nawa ne daga cikin injunan da ake zargi da shan mai bayan an sauya su laifinsu ke nan kawai?

Daga nan ƙa'idar ta fito fili, kuma ba ta da wuyar riƙewa. Sensar geji ta motar ce, tana bin dashbod ɗin da aka haife ta da shi. Sensar ƙwaƙwalwa ta inji ce, tana bin akwatin kwamfutar da zai sarrafa shi. Saboda haka kafin tsohon inji ya bar gareji, wajibi ne a kwance sensar gejinsa a mayar da ita jikin sabon. Abin da ke faruwa a zahiri kuwa shi ne, tun kafin a gama ɗaure sabon inji an yi cinikin tsohon da 'yan gwangwan, sun ɗora shi a kura sun tafi da shi da sensarsa a jiki. Ƙarfen da bai fi kuɗin cin abincin rana ba a wajensu, amma shi kaɗai ne a duk garejin ke jin yaren gejin motar.

Na san abin da bakanike zai ce: ramin bai yi daidai ba. Gaskiya ne, sau da yawa ba ya yi. Turawan Turai na yanka haƙoransu da milimita, irin su M10 da M12 da M14. Japanawa kan yi amfani da wani ramin mai tsukewa da ke da haƙori 28 a kowane inci, na Amurkawa mai kama da shi kuma 27 ne. Bambancin haƙori ɗaya a inci ido ba ya ganinsa, sensa za ta shiga zagaye biyu ko uku ta cije, yaron gareji ya ƙara mata ƙarfi da sifana, a cinye haƙoran alminiyon, daga ranar wurin ya fara tsiyaya. Maganin wannan mahaɗi ne na tagulla, wanda masu injin gyaran ƙarfe a Panteka ko Ƙofar Ruwa za su yanka maka cikin ɗan lokaci. Sai dai shi ma yana da sharaɗi. In ya yi tsawo har bakin sensa ya janye daga cikin ruwan da ke gudana, ya koma wani lungu da iska ke taruwa, to za ta riƙa ba da labari a makare kuma a rage. Haka nan farin tef ɗin masu aikin famfo da ake naɗawa don hana yoyo. Sensa mai waya ɗaya ta jikin inji wutarta ke komawa batir, haƙoran nan su ne hanyarta ta biyu. In aka lulluɓe su da tef an ƙara turjiya, ƙarin turjiya kuwa a kunnen geji sanyi ne. Duk kurakuran nan, in mai karatu ya lura, gefe guda suke karkata, wato su nuna inji ya fi yadda yake sanyi.

Sai kuma wurin da aka dasa ta. Inda aka rasa rami a jikin sabon inji, wasu kan yanka tiyon lagireto su sa ƙarfe a tsakani su murɗa sensa a nan. In tiyon ƙasa ne, ruwan da lagireto ya riga ya sanyaya ake aunawa. In na sama ne, to a injuna da yawa yana bayan tamostat, wato ƙofar nan da ke tsare ruwa a cikin inji har sai ya kai digiri tamanin da 'yan kai kafin ta buɗe. Ranar da wannan ƙofa ta maƙale a rufe, inji na dahuwa a ciki, ruwan tiyo na nan da ɗumi-ɗuminsa, allura na kwance. Wurin sensa shi ne jikin inji, inda ruwa ke fitowa daga kansa, ba tiyon lagireto ba. Kuma ko a nan ɗin akwai abin da ya kamata kowane direba ya sani: sensa ruwa take ji. Idan tiyo ya fashe ruwa ya zube, tana iya komawa cikin tururi da iska, allurar da ta hau ta dawo ƙasa da kanta. Allurar da ta tashi sannan ta faɗo haka kawai ba albishir ba ce, alama ce ta a gangara gefen titi a kashe mota nan take.

Ƙaryar geji ta ɗaya gefen ma tana da nata hasarar, kuma ina zargin tana da hannu a wata al'adar da ta zame mana jiki. An ɗora inji lafiyayye, sensar da ta zo da shi ta sa allura na kusantar ja, hankalin mai mota ya tashi. Maimakon a tambayi geji, sai a hau yi wa inji maganin zazzaɓin da ba shi da shi. A cire tamostat a jefar, a ce na ƙasashen ƙanƙara ne, a haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyawa daga kunna mota har kashewa, a sayi lagireto mai layi biyu. Alhali motocin Saudiyya da Kuwait, inda rana ba ta fi tamu sauƙi ba, da tamostat ɗinsu suke yawo. Injin da aka hana shi kaiwa zafin aikinsa mai yake sha, baƙin mansa na saurin lalacewa, ringi na saurin cinyewa. A wasu injunan ma tamostat ɗin ne ke rufe wata gajeriyar hanyar ruwa ta cikin gida idan ya buɗe babbar, in babu shi sai wani kaso na ruwan ya riƙa zagayawa ba tare da ya leƙa lagireto ba. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Motocin da suka fi sabunta nasu salon daban ne. A cikinsu babu wata waya da ta taso daga sensa zuwa geji. Sensa ɗaya ce, tana gaya wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta aika wa dashbod saƙo ta wasu tagwayen wayoyi da ake kira CAN, tsarin da kamfanin Bosch ya fito da shi a 1986. In aka kawo inji da ƙwaƙwalwarsa daga wata shekarar ko wani samfurin, dashbod na iya kasa fahimtar saƙon, allura ta kwanta ko ta tsaya wuri guda. Ƙari a kan haka, masu ƙera motoci da yawa da gangan suke sa allura ta kafe a tsakiya tun daga digiri saba'in da 'yan kai har zuwa sama da ɗari, don kada direba ya riƙa firgita da hawa da saukarta. Saboda haka a irin waɗannan motoci ganin allura a tsakiya bai isa shaida ba. Sa'ar da aka yi ita ce, duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996, da masu amfani da fetur na Tarayyar Turai daga 2001, suna da wani soket a ƙarƙashin sitiyari da ake kira OBD. Akwai 'yar na'ura mai araha da ake cusawa a ciki ta haɗu da wayar hannu, ta nuna maka da lambobi zafin da ƙwaƙwalwa ke gani. Ban ga dalilin da zai sa mutumin da ke duba ma'ajiyarsa ta banki a waya sau biyar a rana ya kasa duba wannan sau ɗaya bayan an ɗora masa inji ba.

Wa ke da alhakin wannan giɓi? A garejojinmu aiki rabe yake. Bakanike na ƙarfe da noti ne, in inji ya tashi ya gama nasa. Mai wayarin kuma ana kiransa ne a ƙarshe, a gaggauce, a ce ya haɗa wuta mota ta tashi. Sensa ta faɗa tsakaninsu, domin a jikin inji take amma waya ce ke fita daga kanta, kowa na ganin ta ɗan'uwansa ce. Gwajin da mai wayarin ya saba yi shi ne ya zare wayar ya taɓa ta a jikin inji, allura ta harba sama, ya ce geji na aiki. Wannan gwaji ya nuna geji na da rai ne kawai, bai nuna yana faɗin daidai ba, kuma in aka daɗe ana taɓawa gejin ma na iya ƙonewa. Masu sayar da inji su ma suna da nasu kason, domin sau da yawa da wayoyi a datse injin ke isowa, babu soket, babu takardar da ke nuna daga wace mota aka ciro shi. Amma kaso mafi tsoka ina ganin namu ne, mu masu motocin da muka yi boko. Mutum zai biya kuɗin inji bai yi gardama sosai ba, amma ya tsaya yana ja-in-ja da bakanike a kan kuɗin aiki har sai ya matse shi, sannan ya riƙa bugo waya kowace awa yana tambaya ko an gama. Wanda aka matse wa lada aka kuma matse wa lokaci ba zai tsaya dafa ruwa don gwada sensa ba.

Dafa ruwa na ce, kuma da gaske nake, domin gwajin bai wuce haka ba. A samu tukunya da risho da mitar masu wayarin. A tsoma bakin tsohuwar sensa da na sabuwa a ruwa ɗaya, a auna turjiyarsu yana da sanyi, a sake aunawa yana tafasa. In alƙaluman sun yi kusa, to yarensu ɗaya. In tsohuwar ta riga ta tafi, a jona sabuwar da wayar geji, a haɗa jikinta da jikin mota da wata wayar, a tsoma ta a tafasasshen ruwa a ga inda allura za ta tsaya. A tuna dai ruwa ba a digiri 100 cif yake tafasa ko'ina ba. A Kano da Kaduna wajen 98 ne, a Jos kuwa da ke kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 wajen 96 ne. A gejin da babu lambobi sai C da H, wannan gwaji zai nuna wa mai mota inda tafasa take a fuskar gejinsa, ya riƙe wurin a ransa. Bayan an ɗaure komai kuma, a bar mota ta yi aiki a tsaye har fanka ta kama da kanta ta kuma saki, ana auna gidan tamostat da ma'aunin zafi mai kama da bindiga. Ba irin wanda aka riƙa saita mana a goshi lokacin annobar korona a 2020 ba, wannan iyakarsa digiri arba'in da 'yan kai, akwai na masu sana'a da ke kaiwa ɗaruruwa. Duka aikin nan bai fi awa guda ba.

Akwai masu cewa tsofaffin direbobinmu sun yi shekara talatin suna zirga-zirga babu geji, da hanci da kunne suke gane zafi. Ban musa ba, amma injunan da suka tuƙa kansu na baƙin ƙarfe ne ko kuma masu kauri da haƙuri, suna yafe kuskure. Na yau kansu alminiyon ne marar kauri, ruwan da suke ɗauka kaɗan ne, kafin hanci ya ji ƙauri kan injin ya riga ya lanƙwashe, gaskit ya ƙone, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Sannan hasarar ba ta tsaya ga aljihu ba. A ɗauki motar haya ɗauke da mutum goma sha takwas a hanyar Kano zuwa Maiduguri mai tsawon kusan kilomita 600, cikin watan Afrilu da zafin rana ke haura digiri 40. Akwai wurare a hanyoyin Arewa da babu mai fatan motarsa ta tsaya masa bayan la'asar, kowa ya san su ba sai na lissafa ba. Direban da gejinsa ya gaya masa gaskiya tun da wuri zai lallaɓa ya tsaya a gari. Wanda aka yi wa ƙarya kuwa inda injin ya ga dama nan zai ajiye shi da fasinjojinsa, kuma a nan ne cikin ruɗewa yaron mota ke buɗe murfin lagireto ruwa ya wanke masa fuska da ƙirji.

Ba na cikin masu kiran gwamnati a kan kowane abu, kuma ba na jin wata doka daga Abuja za ta isa ƙarƙashin bishiyar da ake sauya inji. Waɗanda za su iya su ne ƙungiyoyin masu sana'ar da kansu. Ƙungiyar kanikawa ta ƙasa, NATA, tana da rassa a garejoji, tana sasanta rigingimu tsakanin 'ya'yanta da masu motoci, ta kuma san yawan ƙarar da ke zuwa gabanta a kan injin da ya ƙone cikin makon farko. Rigimar kullum iri ɗaya ce. Mai sayarwa ya ba da 'yan kwanakin gwaji, inji ya ƙone a cikinsu, shi ya ce an bar shi ya yi zafi ne, mai mota ya rantse allura ba ta taɓa haura rabi ba, bakanike na tsakiya yana rarraba ido. Abin takaicin shi ne dukansu ukun suna iya kasancewa masu gaskiya. Da reshen ƙungiya zai yanke cewa ba a sayar da tsohon inji sai an cire sensarsa, ba a kuma miƙa makulli sai an gwada geji a gaban mai mota an rubuta sakamakon a rasit, da rabin wannan shari'a ba ta taso ba. Hukumomin da ke horas da masu sana'a, irin su ITF da hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC, su ma darasin awa biyu ne a wajensu.

Su kuma 'yan kasuwar inji akwai dabarar da takwarorinsu na Amurka suka daɗe suna amfani da ita. Wani ɗan faifan ƙarfe ne kamar kwabo da suke liƙawa a jikin kan inji kafin su sayar, tsakiyarsa an yi ta da wani haɗin ƙarfe da ke narkewa idan zafi ya haura digiri 120 da kaɗan. In aka dawo da inji tsakiyar faifan ta zube, babu sauran rantse-rantse, an san an dafa shi, garanti ya faɗi. In tana nan, mai sayarwa ya karɓi kayansa ya ba da wani. Ranar da aka fara liƙa irin wannan faifai a Ƙofar Ruwa da Panteka da Apo, mai mota da kansa zai tsaya a kan bakanike sai an kawo tukunya da risho kafin ya karɓi makullinsa.